Kwalbar da Ka Bari a Ɗakina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Hadeja zuwa ga ɗan Goggo, a masaukinsa na Kano. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, jiki da zuciya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Allah Ya tsare ka zaune, Ya tsare ka tafe.

Kada ka yi wa rubutun nan dariya. Hannuna ne, ba na mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ba. Shekara uku ina zuwa ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa, ban gaya maka ba, kuma na hana a gaya maka. Abin da zan faɗa ba na kunnen wani ba ne, shi ya sa na zauna da fensir ni kaɗai, ina gogewa ina sakewa.

Shekaranjiya Kawunka Sale ya dawo daga wurinka. Ya ce takardar jirgi na aljihunka, ranar Lahadi za ku tashi zuwa Ingila ka ƙarasa binciken da ka soma a Zariya, amma ka ce ka fasa. Wai za ka mayar musu da takardunsu ka kama aiki da masu kwangilar hanya, tunda sun yi maka alkawarin mota da gida. Ya tambaye ka dalili, ka ce masa, "Kawu, abin da uwata ta kira wasan yara, da wace fuska zan ƙetare teku dominsa?" Wallahi da ya faɗa mini haka sai da ludayi ya faɗi daga hannuna. Ni na yi maganar, ban musa ba. Amma ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka mayar wa kowa da komai.

Bari in soma daga tukunya, don ita na sani.

Lokacin da aka kawo ni gidan babanku daga Kaugama, Allah Ya jiƙansa, na iya tatsa, na iya kaɗa nono, amma ban taɓa soya man shanu na sayarwa ba. Kakarka Goggo kuwa duk garin nan an san manta. Ta ɗora mini tukunya ta ce in tsaya a kai. Ka dai ga yadda yake: ya narke ya zama ruwa fari-fari gurɓatacce, ya yi ta kumfa yana tsartuwa yana surutu, ka rantse ba zai taɓa natsuwa ba. Ni kuwa tsoro ya kama ni, kada in ƙona wa uwar miji mai a makon farko. Na sauke tun yana gurɓace, na juye a ƙwarya na rufe, ina jin daɗi ban ƙona ba. Damina ce. Kafin kwana goma ya yi wari, ƙwarya guda cur, har kare ya shinshina ya wuce. Goggo ba ta zage ni ba. Ta leƙa kawai ta ce, "Yarinya, ba ke kika sauke tukunyar nan ba, tsoro ne ya sauke. Ruwan cikinsa bai gama fita ba." Daga nan ta zaunar da ni gefenta na ga da idona: yana cikin wannan hauka, sai surutun ya ragu, sai kumfa ta tsage, sai ga shi garau har kana hango gindin tukunya.

To kai ma yanzu kana cikin tsartuwar nan ne. Shekara nawa kana kan wuta, tun daga makarantar allo, elementare, sakandare, har jami'a. Saura ƙiris ka ce a sauke. In ka sauke yanzu ba za ka ga ɓarnar yau ba, motar za ta yi ƙyalli, mutane za su zo murna. Sai bayan shekaru za ka riƙa jin warin abin a ranka, kai kaɗai, kuma ba a mayar da shi tukunya. Masu kwangila ba inda za su, hanyar ƙasar nan ba ta ƙare ba.

Kuskurena na biyu girman kai ne, kuma na san ka gado shi, don haka saurara. Bayan shekara biyar hannuna ya faɗa, har mata daga Miga suna aiko ƙwarya a cika musu. Na soma ji da kaina. Ranar nan aka ba ni suyar man bikin suna, tukunya babba, na ga ya kusa, na ce ai ni da kunne ma ina gane shi. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga da labarin wani aure da ya mutu, na juya baya. Ban fi faɗin "a'a, ke dai bari" sau uku ba, sai ƙauri. Ya ƙone ƙurmus, baƙi ƙirin. Na yi kuka kamar an yi mutuwa. Tun daga ranar in mai ya kusa juyawa ko sallama ba na amsawa, har aka sa mini suna mai wulaƙanci, ban damu ba. In ka je can, za a yaba maka, don kai mai kai ne. Ka karɓi yabon ka ajiye gefe. Wurin da ka fi ganin ka iya, nan za ka ƙara zuba ido.

Yanzu ga babban, wanda ya sa nake wannan rubutu.

Ka tuna bazarar bariya, shekara biyu ke nan, da ka zo hutu. Da hantsi ne, ina tsakar gida ina tace mai, mata huɗu ko biyar suna zaune da ƙoransu suna jira. Ka shigo ka durƙusa nesa kamar yadda ka saba, ka fito da 'yar kwalba ba ta fi yatsa ba, an toshe bakinta an liƙe da kakin zuma. Abin cikinta ruwa ne rawaya-rawaya gurɓatacce. Na ɗan saci kallo na ce a raina, ikon Allah, wannan ai man da bai soyu ba ne. Ka ce, "Inna, ga abin da nake karantawa." Ka faɗi sunansa da Turanci, harshena bai ɗauka ba, sai ka ce in kira shi ruwan lu'ulu'u, don yana gudu kamar ruwa amma cikinsa a jere yake kamar dutse mai daraja.

Ka nemi ruwan ɗumi a kwano, ka tsoma ta. Muna kallo, sai ga gurɓatar nan ta tsage, abin ya koma tas kamar hawaye. Ka ciro ta, ta sha iska, ya sake gurɓacewa. Mata suka ɗauki salati. Wata ta ce, "Malam, tsafi ne?" Ka yi murmushi ka ce a'a, ka kwatanta mana da kifi. Ka ce cikinsa akwai 'yan ƙwayoyi dogaye waɗanda ido ba ya gani. In da sanyi, duk sai su fuskanci wuri guda, kamar karfasa a kogi in ruwa na gudu, kowace na motsi amma kawunansu duk inda ruwan ke tahowa suke kallo. In zafi ya kai wani ƙayyadadden wuri, sai jerin ya watse, kowace ta kama gabanta kamar kifin tafki, shi ne sai haske ya ratsa. Ka ce aikinka shi ne wannan ɗan tsakanin, dab da juyawa, inda abin ke rawa, ƙungiya ta haɗu ta watse, ta haɗu ta watse, kuma ɗan abu kaɗan ya isa ya karkata su duka.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "To a hankali yake juyawa, ko farat ɗaya?" Ka ɗago kai ka dube ni. Ban taɓa ganin fuskarka ta yi haske haka ba. Ka ce, "Inna, wallahi tambayar ke nan. Ita manyan malamai ke ta faman yi. Yana yi kamar a hankali zai tafi, yana ba da alama, yana ba da alama, har ka ƙiyasta inda zai kai. Sai kafin ya kai can da ɗan kaɗan, ya yi tsalle gaba ɗaya."

Na gane sarai. Ai haka kogin nan yake yi mana a fadamar babanku ta hanyar Guri, kafin a tare shi da madatsa can sama. Gaɓa ta yi ta tsattsafo, nan jiƙe can jiƙe, maza su ce saura kwana uku a ƙarasa gyaran kunya, sai kafin la'asar ruwa ya shafe gonar shinkafa gaba ɗaya. Na buɗe baki zan faɗa maka haka. Sai ɗaya daga cikin matan ta tafa hannu ta ce, "Kai, ɗa da uwa! Ku dubi yadda take kallonsa, yau kunyar ɗan fari ta tafi kiwo." Suka fashe da dariya.

Kai ka san al'adarmu. Kai ne ɗan fari. Ranar da aka yaye ka Goggo ta ɗauke ka, a ɗakinta ka tashi, ita ta goya ka, ita ta yi maka kuka ranar da aka tafi da kai makarantar kwana. Ni ko sunanka ban taɓa kamawa ba, sai ɗan Goggo, sai wancan yaron. In an yabe ka a gabana in kau da kai. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na taso na gani. To da matan nan suka yi dariya sai na ji kamar an yaye mini zane a kasuwa. Na ɗaure fuska na ce, "Shekara nawa ana kashe maka kuɗin takarda, ashe wasan yara kake yi da ruwa a kwalba. Matsa mini, ina da aiki." Suka ƙara dariya. Ka ce, "To, Inna," ka tashi. Ko kwalbar ba ka ɗauka ba, ka bar ta nan kan turmi.

Na yi ƙarya ranar nan. Ƙarya ce tsagwaronta, na yi ta don mata biyar masu sayen mai, waɗanda kafin su kai gida sun manta. Kai kuwa ka ɗauke ta shekara biyu, har tana neman hana ka tafiya. Kunya abu ne mai kyau, ban ce a zubar da ita ba. Amma ni na sa ta a inda ba wurinta ba, na kare fuskata da zuciyar ɗana. Shawarata a nan ita ce, duk inda ka je, kada dariyar mutane ta sa ka faɗi abin da ba shi ne a ranka ba. Ko ka yi shiru, ko ka faɗi gaskiya.

Kana tsammanin na jefar da kwalbar? Tana cikin jerena, bayan tasa ta uku, a naɗe da ƙyalle. In gida ya yi shiru bayan azahar sai in ciro ta. Ba ni da ma'aunin zafi irin naku, sai na yi dabara. Ina ɗebo tafasasshen ruwa da ludayi in sirka da na randa, ina ƙirgawa. Na yi ta gwadawa har na gano: ludayi biyu na tafasasshe a kan biyar na randa, shi ke sa ta washe. In na zuba shida na randa ba ta yi. Na maimaita ya fi a ƙirga, kullum haka. Na kuma yi abin da ka ce, in ta washe in ciro ta in ɗaga wajen haske in zuba ido. Ni dai ban ga kifayenka ba, idona bai kai ba. Abin da na gani shi ne tana nan garau, tana nan garau, sai wani hazo ya taso daga gindi, kafin in ja numfashi biyu ya cika ta. Ba ƙarya ka yi ba, tsalle take yi.

Sai na yi kuskure na huɗu, kuma wannan kuskuren mai sayar da mai ne. Mu ba ma yarda da abu sai mun shinshina. Ka ce kada a buɗe, kada a taɓa da baki, ba abin ci ba ne. Ban ɗanɗana ba, kada hankalinka ya tashi. Amma wata rana cikin marka, ana ta ruwa kwana da kwanaki har gishiri na narkewa a kwano, na sa farce na ɓanɓare kakin, na zare toshiyar. Wani ɗan wari ne kamar na magani, ba abin a zo a gani ba. Aka yi sallama, na ajiye ta a buɗe, ban tuna ba sai washegari. Na mayar da toshiyar, amma kakin ya riga ya tafi.

Bayan 'yan makonni na lura ta canza hali. Biyu a kan shida, ta washe. Da tafiya ta yi tafiya, biyu a kan bakwai ma ta washe. Na ce ko ruwan randa ne ya rage sanyi, na sake randa, na jira safiya irin ta da, duk ɗaya. Yau ruwan da za a yi wa jariri wanka ma ya ishe ta. Na zauna na yi tunani, sai Goggo ta faɗo mini. Laima ce ta shige ta. Yadda ruwa ke kashe mai, haka ya raunana wannan, ba ta iya riƙe jerinta sai ɗan zafi kaɗan ya watsa ta.

Dalilin da ya sa na gaya maka shi ne wannan. Wasiƙun da kake aiko wa Kawunka, waɗanda kake sa mini gaisuwa layi ɗaya a ƙarshe, duk suna wurina. Don su na shiga aji. A cikin ta bara na karanta, da ƙyar, inda ka ce ma'auninka yana ta sauka mako bayan mako, wurin juyawar ba ya tsayawa, har malaminka ya soma ganin ko sakaci kake yi, kai ma ka soma shakkar kanka. Na duba kwanan watan, ashe tsakiyar damina ka rubuta ta. Wataƙila kun daɗe da sanin wannan, ku da kuke da littattafai, in haka ne ka yi dariyarka ka wuce. Amma in ba ku duba ba, ka duba bakin kwalabenka. An ce can Ingila kullum cikin yayyafi suke. Ka liƙe kayanka da kyau, kada ka bar kowa ya buɗe, ko da uwarka ce.

Kuma ka ji wannan. In abin da ka gani ya saɓa da abin da malaminka yake jira, kada ka gyara lamba don ka faranta masa. Ka gaishe shi da ladabi, ka ba shi girmansa, sannan ka ce ga abin da na gani. Na sayar da mai shekara talatin, ban taɓa sirka shi da man gyaɗa ba, ko a shekarar fari da shanu suka ƙare. Ba ni da gadon da zan bar maka da ya wuce wannan.

Kwanan baya wani alhaji a unguwarmu ya dawo daga Makka da agogo marar hannu, lambobi baƙaƙe ne kawai ke fitowa suna ɓacewa a kan gilashi. Matarsa ta kawo cikin gida ana ta kallo. Kawunka ya ce ai irin ruwan nan naka ne a ciki, ka taɓa gaya masa, ɗan lantarki kaɗan ke juya ƙwayoyin su rubuta lamba. Mata suka juyo suna dubana. Na ce, "Oho, ni ina ruwana." Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na ciro kwalbar na rungume, na yi ta dariya ina hawaye kamar wadda ta zautu. Ɗan da na haifa, jikan masu kiwo, shi ne ya san abin da ke cikin agogon da alhazai ke taƙama da shi. Na yi alfahari ranar nan har na ji tsoron kada Allah Ya kama ni da shi, na yi istigfari.

Sauran kuwa ka san su, amma uwa ba ta fasa faɗa. Ka riƙe salla ko da rana ta rikice maka, an ce can wani lokaci ba ta faɗuwa da wuri. Ka kula da abin da kake ci. Ka sayi rigar sanyi mai kauri tun ranar farko, kada ka ce kai jarumi ne, tun kana ƙarami ƙirjinka ba ya son sanyi, Goggo ce ke shafa maka mai amma ni ke soyawa. Kada ka raina mai share muku ɗakin aiki. Kada ka damu da ni, hannuna na aiki, ƙannenka na nan, Kawunka na leƙowa. Ba na bukatar mota. Ina zan je da ita, kasuwa ga ta nan bayan gida?

Direban da zai kawo maka wannan zai ba ka gwangwani ɗaya na mai. Na tsaya a kansa da kaina, ban amsa sallamar kowa ba, zai kai shekara bai yi komai ba in ka rufe. Kwalbar kuwa ba zan aiko ba. Na ɓata ta, na sani, amma tawa ce. In ka dawo ka zo mini da sabuwa, wadda aka liƙe, na yi alkawari ba zan shinshina ba.

Ranar Lahadi ka hau jirgin nan. Ba roƙo nake yi ba, umarni ne, kuma ban taɓa ba ka wani ba. Aikinka ba wasan yara ba ne. Ni na fi kowa sani a garin nan, don shekara biyu ina yinsa a ɓoye.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya kare ka daga sharrin baƙon wuri da mugun aboki. Allah Ya buɗa maka abin da kake nema, Ya sa ya amfani mutane, Ya dawo mini da kai ina da rai. In kuwa ba mu gana ba, na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini maganar ranar nan.

Abu ɗaya ya rage. Malamar ajinmu ta ce kowace ta fara da rubuta sunan da ta fi so. Mata suka yi ta rubuta nasu. Ni na ce fensirina ya karye. Shekara ashirin da bakwai ban faɗe shi da baki ba, kuma ban san ko zan iya ba in ka tsaya a gabana. Amma na tambayi kaina, na ga ba wanda ya taɓa hana ni rubutawa.

Idrisu. Idrisu ɗana. Tafi, Allah Ya yi maka albarka.

Ni ce mahaifiyarka.